Bakin Gareji: Kafin a Fesa wa Tsohuwar Mota Fenti

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso mini a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato tsatsa a jikin tsofaffin motoci, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Ta farko za ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa a farkon shekarun 1980. Tun da ya kwanta ciwo take ajiye a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. 'Yan'uwa sun bar mini ita, ni kuma ina so in tayar da ita in riƙa hawa. Makanike ya duba inji ya ce lafiya lau. Sai dai fentin ya yi ƙuraje a ƙasan ƙofofi da gindin gilashin gaba, ƙarƙashin kafet ta wajen direba kuma ya yi ja. Wani mai fenti ya ce a goge sama-sama, a shafa fila, wato ƙullun cike lotsawa, a fesa, cikin mako guda ta fito fes. Wani kuma ya ce sai an kankare ta gaba ɗaya an ga ƙarfe. Wa zan bi?
— Mai karatu daga Zariya

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, na biyun za ka bi. Na farkon bai yi maka ƙarya ba, za ta fito tana ƙyalli cikin mako guda. Abin da bai gaya maka ba shi ne halin da za ta shiga idan damina ta bi ta kanta.

Motar da ke hannunka ta cancanci aikin gaske. A 1968 aka fara fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta cinye gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka, shekarar da kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri, nan Kaduna. Daga nan ta zama motar ma'aikaci, motar gwamnati, motar haya, aka ci gaba da haɗa ta a nan har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ribarka a nan ita ce, idan ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya ka rasa ƙofa ko bonet na 504 da za ka maye gurbin wanda ya ruɓe.

Ka fara sanin yadda aka gina ta. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota. Bodin shi ne shasin. Daɓen ƙasa, da dogayen akwatunan ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin ƙofofi dama da hagu, da ginshiƙan da suka riƙe rufi, su ne ke ɗauke da nauyin motar da na mutanen cikinta. Kawunan shokazoba na gaba ma a jikin bodin aka ɗaure su, cikin ɗakin inji. Tsatsa a irin waɗannan wurare ta wuce maganar kwalliya, ran iyalinka ne a kai.

Ƙurajen da ka gani kuwa daga ciki suka taso. Tsatsa abu uku take nema, ƙarfe da ruwa da iska, kuma idan ƙarfe ya koma tsatsa kumbura yake yi, shi ne yake ture fenti ya yi ƙurji. Ruwan sama yana bin gilashin ƙofa ya gangara ciki. Masu ƙera motar sun san da haka, shi ya sa suka huda 'yan ramuka a ƙasan kowace ƙofa don ya tsiyaye. Ƙura da ganyen darbejiya sun toshe ramukan, ruwa ya samu wurin kwana. Ƙarfen bodi kuwa kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, don haka kafin ƙurji ya bayyana a waje, an riga an cinye shi daga baya. Shafa fila a kan wannan daidai yake da ɗaure gyambo da sabon bandeji ba a wanke shi ba.

Mutanenmu sukan ce ai Arewa busasshiyar ƙasa ce, mota ba ta tsatsa. Da gaskiyarsu idan aka kwatanta da Legas da Fatakwal masu iskar teku, ko ƙasashen Turai da ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Amma mu ma muna da namu, wato laka. Na sha zura hannu cikin leɓen ramin taya na baya a watan Maris, ana tsananin zafi, in ɓamɓaro lakar da ta maƙale tun damina. Samanta ya bushe ƙamas, amma gefen da ke manne da ƙarfe yana nan da sanyinsa, baƙi ƙirin, kuma idan na juya ta a tafin hannu sai in ga ɓawon ƙarfen ya biyo ta.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka duba motar da kanka. Samo ƙaramin mayen ƙarfe, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka riƙa bin jikin motar da shi. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne. Inda ya yi sanyi ko ya suɓuce, akwai tsohuwar fila a ƙasa, ma'ana an taɓa aiki a wurin. An taɓa kawo mini wata mota mai ƙyalli wadda mayen ƙarfe ya ƙi zama a gefenta na baya sam. Da muka tono, filar ta kai kaurin yatsa biyu, a bayanta kuma gwangwanin madara ne aka buɗe aka shimfiɗa, aka cusa takardar buhun siminti don ta tokare shi. Mai motar da iyalinsa suna hawa suna tafiya mai nisa a haka.

Bayan nan ka cire kujeru, ka ɗage kafet gaba ɗaya, ka ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa da ƙarfi a daɓen ƙasa, da wuraren da ake sa jak, da kusurwoyin but, da ƙarƙashin mazaunin batir, da kewayen kawunan shokazoba. Kada tausayin motar ya hana ka dannawa. Duk inda sukudireba ta shige, dama can babu ƙarfe, fenti ne kawai ya rage. Jan da ka gani ta wajen direba, ina kyautata zaton daga robar gilashin gaba yake: ta bushe ta tsattsage, ruwa yana bi ta bayan dashbod ya sauka kan kafet, kafet kuma ta riƙe shi.

Idan za a fara kwancewa, ka sa a ɗauki hoton komai da waya kafin a taɓa shi, kowane rukunin noti kuma a zuba shi a leda daban a rubuta daga ina ya fito. Tankin mai shi ne farkon abin da zai bar motar, a kai shi nesa da inda ake walda, kuma ka sani tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur da ke cikinsa. Gilashi, a yanka tsohuwar robar da wuƙa a ɗago shi a hankali, kada a tura shi da ƙafa, amma ka tabbata sabuwar roba tana hannunka tukuna. Lambar shasi da ƙaramin allon da kamfani ya liƙa, kada kowa ya yanke su ko ya gurje su, su ne shaidar da ta haɗa motar da takardun Baba.

Lokacin wannan aiki rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ta bushe. Kuma ba a tuɓe mota duka a rana ɗaya. Yau ƙofa, gobe bonet, abin da aka kankare a ranar a rufe shi a ranar. Samfefa mai lamba 80 a kan inji mai juyawa ta isa ta ci fenti da tsohuwar fila, muddin hannu yana tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya har ƙarfe ya yi zafi. Dutsen gurza ƙarfe kuwa kada ya kusanci bodi da sunan cire fenti, ƙarfen yake ci.

Da zarar ƙarfe ya fito fili za ka ga tsatsa iri biyu. Akwai ta sama, wadda idan an goge ta ƙarfen yana nan da kaurinsa, sai dai 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe. Wannan ana yi mata magani da ruwan wanke tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda yake shiga cikin ɗigon ya mayar da tsatsar wani baƙin abu da ba ya ci gaba da cin ƙarfe. A shafa, a goge da burushin waya, a ɗauraye tun bai bushe ba, a busar da wurin sarai da iskar kwamfireso. Akwai kuma wadda ta huda ko ta sirantar da ƙarfe. Ita wannan ba ta da magani a kwalba, kowa ya ce maka akwai, kuɗinka yake so. Yankewa ake yi har sai an kai ga farin ƙarfe mai lafiya ta kowane gefe, a yanko sabo mai kauri ɗaya, a shigar da shi ya zauna baki da baki, a yi walda.

A nan ne nake so ka tsaya a kan mai aikinka. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri a zagaye shi da walda. Ido ba ya gani, amma an bar tsatsa tsakanin ƙarfe biyu, ga wurin da ruwa zai shiga ya kasa fita. Ka ƙi yarda. Yawancinmu da wutar kabaid muke walda, kuma tana yi, sai dai zafinta yana bazuwa ya lanƙwasa bodi, don haka ɗigo-ɗigo ake yi, a ɗiga nan a tsallake can, a bari ya huce, a bi da guduma. Idan ka samu mai injin MIG, wato na waldar lantarki mai turo waya, ya fi, zafinsa bai kai haka bazuwa ba. Liƙi da tagulla, wanda wasu suka fi so don yana gudu, ban yarda da shi ba a wurin da ke ɗaukar nauyi, kuma garin da ake tsoma sandar a ciki idan ba a kankare shi tas ba, shi da kansa yake tayar da fenti daga baya. Idan akwatunan ƙarƙashin ƙofa za a canja, a fara tokare bakin ƙofar da ƙarfe, a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, a bar ƙofar a rataye ana rufewa ana buɗewa don a ga tazararta ba ta sauya ba. Motar da aka yanke wa gefe biyu a lokaci ɗaya takan sunkuya a tsakiya, ƙofofinta ba za su ƙara rufuwa daidai ba.

Sai rufewa. A goge ƙarfen da tina mai tsabta, wato ruwan sirka fenti, kada a ƙara taɓa shi da hannu tsirara domin gumi gishiri ne, a fesa faraima, wato shafin farko kafin fenti, ta efoksi, irin mai gwangwani biyu da ake haɗawa, shafi biyu. Ita ce ke hana danshi isa ga ƙarfe. Bayan ta kama sannan fila, ita ma don gyara 'yar lotsawa kawai. A garejina ba na bari ta wuce milimita 3, in ta nemi wucewa to guduma ba ta gama aikinta ba. Fila tana shan ruwa, saboda haka a busasshe ake goge ta, ba a jiƙa samfefa. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, a bi shi da ƙullun toshe gaɓa. Sannan fenti.

Aiki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, alhali nan tsatsar ta faro. Bayan an gama walda da fenti, a samo kakin hana tsatsa da ake fesawa cikin lunguna, a zura siririn tiyo cikin ƙofofi, da akwatunan ƙasa, da ginshiƙai, da leɓen bonet da na but, a fesa har ya fara ɗigowa ta ramukan tsiyayar ruwa, sannan a bi ramukan da tsinke a tabbatar a buɗe suke. Zafin ƙasarmu yana taimakawa, domin yana narkar da kakin ya kwarara cikin kowace gaɓa. Ba a sa shi kafin walda saboda yana kama wuta, ba a sa shi kafin fenti saboda fenti ba ya kama maiƙo. Idan ka gama, ɗan'uwa, ka nema mata rumfa, kada ta koma gindin darbejiya.

TAMBAYA: Baba, ni yaron gareji ne, ina koyon fanal-bita. Maigidana da wuta yake ƙona tsohon fenti mu kankare. Na kuma ga a intanet ana cire fenti da yashi ta hanyar iskar kwamfireso, wasu kuma da wani ruwa da ke narkar da shi. Wanne ya fi?
— Wani matashi daga Gusau

AMSA: Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Maigidanka abin da ya tarar ana yi yake yi, mu ma haka muka tarar, don haka idan za ka kai masa wannan magana ka kai ta da ladabi. Amma wuta ba ta dace da wannan aiki ba. Rufin mota da bonet da fatar ƙofa shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne siriri, da ya ji wuta sai ya buɗe, in ya huce ba ya komawa yadda yake. Ka danna shi ya lotsa, ka saki ya taso, sai an cika shi da fila kafin ya yi kyan gani. Wutar kuma tana ƙone ɗan rufin da ke bayan ƙarfen, inda hannunka ba ya kaiwa, ka ga an buɗe wa tsatsa sabuwar hanya. Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin. Fentin zamanin da yana iya ƙunsar dalma, tsofaffin motoci da yawa ma da dalma aka cike wasu gaɓoɓinsu tun daga kamfani. Dalma taruwa take yi a jiki, ta taɓa jini da ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ƙurarta tana bin tufafinka har gida wurin ƙannenka.

Yashi yana aiki, ba abin da ya kai shi shiga lungu ya fito da tsatsa daga ƙasan mota da ramukan taya. Amma kada ka yarda ka yi shi da yashin rafi. Idan ƙwayar yashi ta bugi ƙarfe takan farfashe ta zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ita ce ke zama a huhu ta jawo silikosis, cutar da ba ta warkewa, irin wadda ke kama masu fasa dutse. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Ƙasashe da dama sun hana amfani da yashi a wannan aiki, sun koma garin gilashi da wasu duwatsu na musamman, tare da hular da ake turo wa iska mai tsabta. Ko da su ɗin, ba a dosar tsakiyar bonet ko rufi, domin bugun yana miƙar da ƙarfe. Garin soda da wasu ke fesawa yana cire fenti ba tare da ya ɓata ƙarfe ba, sai dai ba ya cin tsatsa, kuma in ba a wanke shi tas ba faraima ba za ta kama ba.

Ruwan narkar da fenti shi ya fi sauƙi a kan shimfiɗaɗɗun wurare. Ka karce fentin da samfefa mai kaushi, ka shafa shi da kauri, ka rufe da leda don kada zafi ya busar da shi, in fentin ya tattare ka kwashe. Ka liƙe gaɓoɓi da salatif tukuna, domin in ya shige ciki zai riƙa tsattsafowa ya ɓata sabon fenti. Mai ƙarfin cikinsu yana ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a, Amurka ma ta hana a 2019, saboda ya kashe mutanen da suka yi aiki da shi a rufaffen wuri. A fili za ka yi, iska tana bayanka, da safar hannu da tabarau, da bokitin ruwa kusa. Kuɗin farko da ka samu naka na kanka, ka sayi takunkumi na gaske mai matata biyu, wanda zai yi maka amfani har ranar fesa fenti.

TAMBAYA: Ina da 504 fikof, ina jigilar takin zamani da gishiri da kanwa, ranar kasuwa kuma tumaki. Bayanta ya fara hujewa. Duk wata ina sa a fesa mata baƙin mai a ƙasa wurin wanki. Wani ya ce in wanke tsatsar da ruwan batir. Me ka gani?
— Direba daga Maraɗi

AMSA: Maigida, Allah ya tsare hanya. Ruwan batir kada ka kuskura. Zai ci tsatsar, gaskiya ne, amma ba zai tsaya nan ba, zai shige gaɓoɓi ya ci gaba da cin ƙarfen bayan ka ɗauka an gama. Dubi mazaunin batir na kowace tsohuwar mota ka ga aikinsa. Asid ɗin da masu gini ke wanke tayil da shi ma haka, har ya fi muni, tururinsa kaɗai yana sa kayan aikin da ke kusa su yi tsatsa.

Kayan da kake ɗauka su ne tushen matsalarka. Gishiri da kanwa da takin zamani duk suna jawo danshi daga iska, idan kuma suka narke suna hanzarta tsatsa ƙwarai. Fitsarin dabbobi ya zo ya ƙara. Garin da ya zube daga buhu yana shigewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya zauna, ko da rani yana aiki. Don haka bayan an yanke wuraren da suka huje an sa sabon ƙarfe, an yi faraimar efoksi da fenti mai kauri, ka riƙa shimfiɗa tamfol kafin lodi, kana sauke kaya ka share, ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka ajiye ta gabanta ya fi bayanta tudu don ruwan ya gangare. Idan kana sa katako ko tabarmar roba a ƙasa, ka riƙa ɗage su, domin ƙarƙashinsu ne aka fi yin ɓarna.

Baƙin mai, na san an saba da shi, kuma ba zan ce ba ya tare ruwa ba. Illarsa ta fi amfaninsa. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dattin ƙonuwa da asid, yana kumbura robobin ƙasan mota, yana iya fantsama kan birki, kuma a hanyoyinmu masu ƙura yana haɗuwa da ƙasa ya zama ɓawo mai kauri da ke ɓoye abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Yaran da ke fesa shi ma yana cutar da fatarsu da ƙirjinsu. Idan kakin hana tsatsa bai samu ba, sabon mai mai tsabta ya fi, a kan ƙasan da aka wanke ya bushe, sau ɗaya kafin damina. Kwaltar da ake shafawa a ƙasan mota ita ma sai a kan ƙarfe mai lafiya da aka yi wa faraima. In aka shafa ta a kan tsatsa, takan bushe ta tsage, ruwa ya shiga bayanta ya kwanta.

TAMBAYA: Ni tsohuwar malamar makaranta ce. Ina da Volkswagen Beetle da na saya da rancen mota a ƙarshen shekarun 1970. Jikokina suna so a gyara ta. Ƙarƙashin kujerar baya ya huje har ana hango ƙasa. Mai gyara ya ce sai an ɗage bodin gaba ɗaya. Ba zai ɓata mini ita ba?
— Hajiya daga Jos

AMSA: Ranki ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya, ya raya jikoki. Mai gyaranki ya san Beetle. Ita ba kamar 504 aka gina ta ba, bodinta da notina aka ɗaure shi a kan faffaɗan daɓe, akwai roba a tsakaninsu, kuma an yi shi ne yadda za a iya kwancewa a ɗage. Ramin da kike gani wurin zaman batir ne, domin a ƙarƙashin kujerar baya yake, ruwansa ya daɗe yana ɗiga. Kusan duk Beetle da ta tsufa nan take fara hujewa. In nan ne kaɗai, ana iya yanke wannan kusurwa a sa sabon ƙarfe ba tare da an ɗage komai ba.

Abin da zai raba gardama shi ne akwatunan da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda iska mai ɗumi ke bi daga inji a baya zuwa ƙafafun direba. Su ne ƙashin bodin, a jikinsu notinan suke kamawa. Ki sa a cire matakalar gefe a danna su da sukudireba a gabanki. Idan sun ruɓe, to ɗagewa ta zama dole, sharaɗi dai a tokare bakin ƙofofin da ƙarfe kafin a ɗaga, in ba haka ba bodin zai murɗe. A duba ramin ajiye safaya a gaba, da inda fukafukan taya huɗu suke ɗaure. Sabon batir kuma a zaunar da shi cikin tiren roba, a ɗaure shi, a rufe kawunansa, domin ƙarfen kujera yana iya taɓa su idan mai nauyi ya zauna, kuma hakan ya sha tayar da gobara a irin wannan mota.

TAMBAYA: An kankare motata an fesa mata jar faraima, sai kuɗi suka yanke. Zan iya barin ta haka har bayan damina?
— Mai karatu daga Bauci

AMSA: A waje kam a'a, Malam. Jar faraima da mai ruwan toka da ake gogewa duk suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, danshi yana ratsa su ya isa ƙarfe. Kafin kaka za ka ga ɗige-ɗige sun fito, dole a sake kankarewa daga farko. Idan akwai fila a jikinta abin ya fi muni.

Da ɗan abin da ya rage maka, ka sa a goge jar faraimar tun yanzu da take da sauƙin fita, a fesa ta efoksi shafi biyu, ciki da waje, har ƙasan mota. Ita za ta iya jira, sai dai rana tana sa ta yin gari, don haka a shigar da motar ƙarƙashin rufi. Kada ka lulluɓe ta da leda ko tamfol ya manne da jikinta, gumi zai taru a ciki. A ɗaga rufin sama yadda iska za ta riƙa ratsawa, a ɗora motar a kan siminti ko katako maimakon jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bar kafet da kujeru a ɗaki. Ranar da kuɗin fenti suka samu, a bi efoksin da samfefa mai lamba 180 don sabon shafi ya samu wurin kamawa, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya.